Ranar Duba Ɗinki

"Malama, ina aikin ɗalibanki?" in ji mai duba jarrabawa, yana kallon teburin ajin ɗinki da babu ko ƙyalle a kai.

Kafin in buɗe baki, shugaban makarantarmu ya riga ni. "Ranka ya daɗe, na gaji da yi mata faɗa. Hira kawai suke yi a ajin nan. A kayar da su duka, ita kuma a canja ta."

'Yan matana suka sunkuyar da kai, wata ta fara share hawaye. Shekara guda suna kan keke, allura ta gama huda musu yatsu, amma duk abin da suka ɗinka sai ya aiko a ɗauka, wai za a adana a ofis. Na daɗe ina haɗiyewa. Yau kam abin ya ƙi wucewa.

"Idan ka ga aikinsu, sun ci?" na tambaya a hankali.

"In ya yi kyau. Amma sai na juya shi, ta ciki ake gane ɗinki."

Na nuna rigar da ke jikin shugaba. "A ɗaga bakinta."

Aka ɗaga. Ga alamar ajinmu da jan zare.

Mai dubawa ya miƙa hannu. "Tuɓe, Yallaɓai."

Ya tuɓe yana gumi, ya tsaya da singileti a gaban ɗalibai.

Na gyara murya. "Ranka ya daɗe, rabin aji ne suka yi rigar. Sauran su suka ɗinka wandon."