Heluman Gidan Fata

Tunda an ɗora ka a kan ma'aikata, Ɗanlami, har kana tambayata mece ce wannan sak da manajanku yake yawan faɗa, to ka zo wurin malaminta. Aji biyu na yi a boko, amma a kan wannan kalma ko farfesa sai ya ɗauko allo ya zauna gabana, don sau huɗu aka yi mini ita, kuma duk huɗun waɗanda suka yi mini ita su suka yi asara. Sak kora ce ta Turanci. Ba ritaya ba ce da ake haɗa ka da agogon bango. Na sama ke yi wa na ƙasa, ban taɓa ganin ta hau tudu ba.

An yi wani heluma a gidan fata, yana duba leburori talatin masu jiƙa ƙirgi da kankare gashi. Kowa yana da lambar ƙarfe rataye a ƙusa bakin ƙofa, in ka zo da safe ba ka ga taka ba, sai ka juya. Heluma ya tsinci kalmar a bakin mai gida, ta yi masa zaƙi kamar rake. Ba abin da yake tsoro irin a raba shi da kujerarsa, sai ya ga hanyar kama ta ita ce ya zama ɗan gaban goshi. Ya je ya raɗa wa mai gida cewa aikin mutum talatin, ashirin ma sun isa. Washegari ƙusa goma suka kwana ba kaya. Mai gida ya ba shi keke. Daɗin keke ya sa ya ƙara zare goma. Cikinsu har da wani tsoho da ruwan jima ya cinye wa yatsu, ya durƙusa yana roƙon a bar shi ya kai kaka, iyali su ga sabon gero. Heluma ya ce masa, "Baba, ba ni na kore ka ba, sak ce." Kamar wata aljana ce ta zo daga Ingila. Daga nan ya ba da shawara a sayo injin kankara, aka sayo, mutum huɗu suka rage.

Ran nan mai gida ya shigo zagaye. Ya ga huɗu a sunkuye gumi na zuba, ya ga na biyar a kujera ya miƙe ƙafa yana ɓare goro. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Mutum huɗu ai idona ya ishe su." Heluma ya waiga neman wanda zai sa baki, to duk masu bakin shi ya share su da hannunsa, huɗun nan ko kai ba su ɗaga ba. Ya fita da shekara ashirin na warin fata a jiki, ga hannu ya manta wuƙar kankara, duk majemar da ya je sai a ce sun ji labarinsa.

Ka riƙe kalmar, Ɗanlami, amma ka rage sha'awarta. Hausawa suka ce, tsuntsun da ya kira ruwa, shi ruwa kan doka.