Akwatin da Ba Kibiya

Ranar da wani baƙo ya kafa farin allo a tsakiyar kamfanin sabulu, Uwar Sito, mai kula da ɗakin ajiyar kaya, ta ajiye buhun da take ɗinkewa ta zuba masa ido. Ya zana akwati ya rubuta "Sito" a ciki, ya ja kibiya zuwa wani akwatin mai suna "Tukunya". Wai taswirar aiki yake yi, don a ga wa ke karɓa daga hannun wa, wa ke jiran umarnin wa. Kafin a tashi an laƙaba masa Malam Kibiya.

Uwar Sito ba yarinya ba ce. Tun Baba, mai kamfanin, yana dafa sabulu a rabin ganga take tare da shi, kuma ta san ruwa ba ya tsami banza. Ɗan Baba, wanda ya dawo daga karatu da kwamfuta a hammata, ya sha faɗa a gabansu cewa ranar da makulli ya zo hannunsa tsofaffin hannu za su huta, inji ya karɓe su. Baba ne kaɗai ya tare ƙofa. To wa zai kawo mai zane in ba ɗan nan ba?

Tambayar mutumin ce ta ƙara tayar mata da hankali. Duk wanda ya zauna da shi sai ya ce, "Idan wane bai zo aiki ba, me zai tsaya?" Baba kuwa, da ba ya ɗaukar wa kowa kofi, sai ga shi yana kawo wa baƙon shayi da hannunsa, yana leƙen allon yana murmushi. Tausayinsa ya kama ta. Ana haƙa wa mutanensa rami, shi yana miƙa shebur.

Ta ja Direba da Mai Tukunya bayan sito.

"Ku buɗe kunne. Duk akwatin da kibiya ba ta shiga ba, mai shi ya kama gabansa. Kai Direba, wa ke gaya maka inda za ka kai kaya?"

"Baba mana."

"Daga yau ni ce. Kai kuma, wa ke duba haɗi kafin a sauke?"

Mai Tukunya ya sosa ƙeya. "Yaya, kin san in Baba bai sa yatsa ya murza ba, ban isa in sauke ba."

"To yau ka isa. Ka ce kai ke dubawa, ni nake ba ka awo, Direba ke kawo maka ƙorafin 'yan kasuwa. Baba ai ba mai korarsa a kamfaninsa, me zai yi da kibiya?"

Haka aka yi. Duk abin da ke bi ta ofishin Baba, suka raba shi a tsakaninsu. Da aka zo kanta, Malam Kibiya ya riƙe alƙalami bai rubuta ba.

"Hajiya, kin tabbata? Ba wanda kike tambaya kafin ki sayo kaya?"

Ya faɗa yana kallon ƙofar ofis. Ta ce a ranta, tarko ne, so yake ta amsa cewa ita 'yar aike ce. Ta ce masa ko mutum ɗaya babu. Kafin mako ya ƙare akwatinta ya koma kamar bushiya.

Ranar da za a nuna taswira, Ɗan Baba ya riga kowa zuwa. Baba ya sa sabuwar riga ya zauna a gaba, yana tsokanar Direba. Malam Kibiya ya yaye ƙyallen da ya rufe allon. Akwatuna a ƙasa sun sarƙe da kibiyoyi, ba masaka tsinke. Can sama akwai guda ɗaya shi kaɗai, fari tas a kewayensa.

Baba ya sa tabarau ya matso. Ya zagaya akwatin da yatsan da yake murza sabulu.

"Akwatina ke nan?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Ɗaya bayan ɗaya na tambaye su."

Baba ya juyo ya dubi Uwar Sito, ya daɗe yana dubanta. Ta sakar masa murmushin wadda ta gama aiki. Ya yafito ɗansa suka shiga ofis. Daɗi ya rufe ta, yau mai kwamfuta zai sha faɗa. Daga ciki ba ta ji hayaniya ba, sai ƙarar makullai a kan tebur.

Ta tsaya kan Malam Kibiya yana naɗe kayansa.

"Sai ka gaya wa wanda ya turo ka, bai samu na kora ba."

Ya ɗago ya dube ta. "Baba ne ya turo ni, Hajiya. Ya yi wa ɗansa alkawari in taswira ta nuna aiki na tafiya ba shi, zai miƙa makulli, kuma ya ce kada in damu, in tambayi mutanensa kawai, su za su faɗi gaskiya."