Kwandunan Banda da Sodangi Ya Ƙirga

Kwando arba'in Malam Sodangi ya ƙirga a kasuwar Goronyo, duk maƙare da bandar tarwaɗa. Ya rubuta ya shige mota. Jami'in kiwon kifi ne, ofis ya ɗora masa hasashen kifin da yankin zai samar nan da shekara goma, tunda ga dam ga ruwa.

Kowace kasuwa da ranarta da dillalinta. Ranar kasuwar Wurno ya sake samun arba'in, ta Rabah ma haka. Da wata ya kewayo kowace ta kai sittin, sannan tamanin. Dillalan dai fuska ba walwala, bandar kuma sai ƙara baƙi take yi. Sodangi ya ce hayaƙin bana ne mai kyau. Mutum ne da in lissafi ya yi masa daɗi ba ya tambaya.

Ya ja layi a takarda, layin ya miƙe sama. Ya rubuta cewa kifi ne zai kori yunwa, gero ya zama labari. Aka tafa masa a ofis, kansa ya kumbura.

Sai ya nufi Sisawa, wurin baffansa Maigandi, mai gonar geron da ke ciyar da gidansu gaba ɗaya, ya ce a mai da gonar tafkin kiwon kifi. Tsohon ya ƙi, ya ce bai taɓa ganin tuwon tarwaɗa ba. Sodangi ya yi ta naci da takardunsa har tsoho ya ji kunyar ilimin ɗansa. Ana gab da shuka aka haƙe gonar tas, aka zuba 'ya'yan kifi. Damina ta wuce, rumbu wayam.

Kifi kuwa ya yi ƙiba. Sodangi ya je Rabah neman mai saye, dillali ya haɗa shi da wani bafatake, Mode, da ke zaune jugum kan kwando. Cikin fara'a Sodangi ya roƙe shi ya kira sauran fataken Wurno da Goronyo, don kayan sun fi ƙarfin mutum guda.

Mode ya dube shi da tausayi.

"Waɗanne fatake, Malam? Ni ɗaya na. Kwandunan ga nika yawo da su kasuwa ukku tun bara, kullum ƙaruwa sukai, don ba mai saye."