Koriyar Motar Hajiya Asama'u

Abu biyu Badamasi ya rasa a rana ɗaya: aikinsa na tuƙi, da haƙorinsa na Makka.

Haƙorin ya fi yi masa ciwo. Bai taɓa zuwa Makka ba, a wata kasuwa ta ƙasar Benin aka sa masa shi, amma albarkacinsa masu abinci a tashar Bagudo suke kiransa Alhaji, har su ƙara masa tsokar nama.

Jaki ne sanadi. Ya ɗauko albasa a jar gingimarin Alhaji Ɗanmusa, yana gangarowa kusa da Geza, sai ga jaki a tsakiyar titi ya tsaya yana tunanin duniya. Badamasi ya kauce masa. Mota ta kwanta a rami, bakinsa ya daki sitiyari, albasa ta watse har cikin gonakin mutane. Jakin ko waiwaye bai yi ba. An duba ramin nan kaf, ba a ga haƙori ba.

Da ya fito daga asibiti, Alhaji Ɗanmusa ya ce motar ya rabu da ita, ya ba masu sayen gwangwan, shi kuma direba ya nemi wani ubangidan.

Labari ya riga shi zuwa kowace tasha. Ya je Zagga, ya je Lafagu. Da ya buɗe baki aka hangi giɓin, sai a ce, "Au, kai ne na albasa? Ina abokinka jaki?" Ya koma gida ya zauna, yana gyara wa matarsa Rahmatu murhun da bai lalace ba, har ta fara ɓoye masa kayan kicin ɗinta.

Ita ce ta dawo daga gidan suna da labari. Wata Hajiya Asama'u, can Tsamiya bakin iyaka, ta fita takaba ta sayi babbar mota, tana neman direban da zai riƙa tsallaka mata da wake. Rahmatu tana faɗa tana danne dariya. Bai tambayi dalili ba. Abin da ya ji kawai shi ne Tsamiya da nisa, ƙila albasa ba ta kai can ba.

Da ya isa Tsamiya, ya iske direbobi uku a gindin bishiya, kowa ya haɗa rai. Duk an gwada su, motar ta ƙi su. Ga ta nan tsaye, koriya shar, fenti yana ƙyalli, an yi mata sabon bodi na katako.

Hajiya gajeruwa ce, da carbi a hannu. Ba ta dubi lasisinsa ba, bakinsa take kallo.

"Malam Badamasi, ka taɓa yin hatsari?"

"Ni? Ko kaza ban taɓa takawa ba, ranki ya daɗe."

"To mi ya samu bakin?"

"Ragon Layya ne. Na sunkuya zan ɗaure shi, ya ɗago kai."

"Allah sarki," in ji Hajiya. "Raguna ba su da kirki. Mu tahi."

Ta hau gaba ta zauna da kanta. Ƙofar direba ta ƙi buɗuwa. Badamasi ya ɗan dafa ta da gwiwa ya ja, ta buɗe. Ya zauna, kujerar ta karɓe shi daidai, har da lotsawar gefen hagu. An naɗe sitiyari da sabuwar roba. Ya murza makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Direbobin nan uku suka gyara zama don su sha kallo. Ya taka totur sau biyu, ya ce, "Haba 'yar dattijuwa," ya sake murzawa. Ta tashi da ruri.

A giya ta uku ta cije. Kafin ya yi tunani, hannunsa ya riga ya bugi kan giyar da tafi, ta faɗa. A ransa ya ce duk tsofaffin motoci halinsu ɗaya.

Sun kama hanyar iyaka, rana ta fara dukan rufin, sai wani wari ya taso daga ƙarƙashin kujera. Albasa. Ya ɗauka tsoro ne ya biyo shi har cikin hanci. Ya saci kallon Hajiya, ita kuwa tana jan carbinta.

Sai ga jaki a tsakiyar titi.

Badamasi bai kauce ba. Ya taka burki tun daga nesa, ya tsaya cak, ya rufe bakinsa da hannu. Suka zauna suna jira har jakin ya gama tunaninsa ya wuce. Kafaɗun Hajiya suna rawa, ta ce tari ne.

Da suka dawo, ya sauka ya miƙa mata makulli da hannu biyu. In wani cikin direbobin nan ya gane shi, shi ke nan, sai murhun Rahmatu.

Hajiya ta kwance bakin gyalenta, ta ciro wani ɗan abu, ta ɗaura shi a zaren makullin, ta mayar masa. "Gobe da sahe ka yi lodi. Wannan naka ne. Makanikena ya sha wuya kahin ya zaro shi daga sitiyari, shi ya sa na ce a nemo min mai giɓin, don shi kaɗai motar ga ta sani." A tafin hannunsa, kusa da makullin, haƙorin Makka yana ƙyalli. Jama'a, ku taya shi addu'a: Allah ya tsare hanya, ya tsare sauran haƙoran. Amin.