Ruwan Na'urar Mushe Zakariya'u

"Na'urata da wuta kaɗan take raba ruwa, ta fitar da iskar haidurojin mai dafa tuwo," in ji Mushe Zakariya'u, malamin kimiyya.

Daraktan da ake jiran amincewarsa ya shafa gemu. "Ruwa kam mun wadata Damagaram da shi. Zuba mu gani, Mushe."

Zakariya'u ya ɗaga bidon tataccen ruwan da aka kawo masa tun daga Yamai. Babu ko ɗigo.

Yayarsa Rabi ta leƙo zauren. "Zakari, pampo ya kwana biyu bai kawo ba. Baƙinka sun nemi na alwala, sai in hana su?"

Kowa ya juya ya dubi Darakta. Gemunsa bai gama ɗiga ba.