Maginiyar Tukwane da Tsohuwar Ƙasan Bene

Tunda kin ce ranki na sosuwa duk lokacin da yaron nan naki ya yabi mutanen da yake zaune da su a can, zauna, Asabe, in ba ki misali da wata mata.

Maginiyar tukwane ce, mijinta manomi. 'Yar autarsu ta samu gurbin karatun likita a wata ƙasa mai nisa, inda sanyi ke daskarar da ruwa a cikin famfo. Watannin farko yarinyar ba ta da abokin magana sai uwarta. Kullum da hantsi uwar za ta jingina waya a jikin turmi, hannunta dumu-dumu da yumɓu, tana gyara bakin tulu tana sauraro. Yarinyar ta yi kukan abincin da ba ya shiga, ta yi kukan malamin da ke magana kamar ana korar sa, ta ce ita gida za ta dawo. Uwar ta lallashe ta, ta ba ta labarin akuyar da ta haifi uku da bikin da aka yi faɗa a kan tuwo, har sai ta ji dariyarta. Uban ya karɓi wayar ya sa mata albarka. Matar nan tana jin zafin kukan 'yarta, amma can ƙasan zuciyarta akwai wani daɗi da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: duk faɗin duniya ita kaɗai ake nema.

Sai kukan ya fara raguwa. A ƙasan benen da yarinyar ke haya akwai wata tsohuwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Ita ta nuna mata kantin da ake samun naman yanka, ta saƙa mata safar ulu, ta ce ta riƙa saukowa cin abinci duk Lahadi. Tun daga nan hira ta koma "Iya ta ce", "Iya ta dafa". Ranar da uwar ta fara jin sunan nan, tulun da take ginawa ya karkace, sai rushe shi ta yi. Da wani ɗan garinsu zai tafi ƙasar, ta daka yaji da hannunta, ta haɗa da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta aika. Bayan mako biyu yarinyar ta kira da murna, ta ce ta yi miyar kuka, Iya har da neman ƙari. Uwar ta ce, "Ashe wata na yi wa daka. To, tunda kin samu uwa a can, ni sai in huta." Da aka kashe waya mijin ya ce, "Wadda ta rufa wa 'yarki bargo kike jin haushi?" Ta ce shi bai san zafin naƙuda ba.

Yarinyar mai gudun ɓacin ran uwa ce. Ta daina sauka. In ta ji takun tsohuwar a matakala sai ta ja ƙofa ta yi shiru. Sunan Iya ya ɓace daga hira, kuka ya dawo, lallashi ya dawo, uwar ta ɗauka komai ya koma daidai. Ba ta lura idon yarinyar ya faɗa ba, ba ta kuma tambayi tarin da ke katse mata magana ba. Da sanyi ya kai tsakiya, aka yi kwana biyu ana kira ba a ɗauka. Uwar ta kasa cin abinci, ta manta tukwane a wuta har suka tsage. Rana ta uku aka kira daga can, amma fuskar da ta fito ba ta 'yarta ba ce. Tsohuwa ce mai furfura, tana magana da yaren da uwar ba ta jin ko kalma ɗaya. Sai ta juya wayar. Ga yarinyar kwance a gadon asibiti. Ashe tsohuwar ce ta lura ta daina jin motsi a samanta, ta nemo mai gidan aka buɗe ƙofa, aka tarar ciwon huhu ya kayar da ita.

Uwar ta zuba wa hannun nan mai tamoji ido, yana shafa goshin 'yarta, yana ba ta ruwa da cokali. Ta miƙa nata hannun, ya tsaya a jikin gilashin waya. Kar in yi miki ƙarya, kishin bai fita ba, tana jin sa kamar garwashi a ƙirji. Haɗiye shi ta yi. Da yarinyar ta samu bakin magana, uwar ta tambaye ta yadda ake godiya da yaren ƙasar, ta yi ta maimaitawa har harshenta ya kama, ta ce a ba tsohuwar wayar, ta faɗa mata da bakinta. Sannan ta ce wa 'yarta, "In an sallame ki, ɗakin Iyarki za ki sauka har ki ji ƙarfi."

To, Asabe, in yaronki ya ce wasu sun riƙe shi da kyau, ki tambayi sunansu, ki sa su cikin addu'a. Ba a banza magabata suka ce ɗa na kowa ne ba.