Manomin Shinkafa da Tsohuwa Mai Tattasai

Kai da kake cewa ka girmi a koya maka noma, zauna ka ji. An yi wani manomi a bakin fadama, shekara talatin yana noman shinkafa yadda ya gada: ruwan farko na sauka, sai ya yafa iri. To, sai damina ta koyi yaudara. Ta zubo ruwa sau ɗaya kamar da bakin ƙwarya, ta ɗauke ƙafa mako uku, tsiron ya ƙone ƙurmus. Shekara biyu a jere haka. A ta uku irin da ya rage masa tiya huɗu ne cak, ga baki goma sha ɗaya a gida. In wannan ya ƙone, shi ke nan, babu na ci, babu na shuka.

A gefen gonarsa akwai wata tsohuwa mai lambun tattasai, wadda bai taɓa ɗauka manomiya ba. Bayan ya sha jeka-ka-dawo da zuciyarsa, ya je ya tsuguna gabanta neman shawara, kunya kamar ta kashe shi. Ta ce, "Malam, ni ban san shinkafa ba. Amma ban taɓa ba wa sama amanar jariri ba. A bakin rijiya nake renonsa, sai ya yi ƙwari nake kai shi gona."

Ya gyara wuri kamar shimfiɗar tabarma uku kusa da rijiyarta, ya zuba rabin irin, safe da yamma yana ban ruwa da guga. Abokansa suna wucewa suna dariya, wai shinkafa ta zama 'yar gata, saura a goya ta. Ruwan farko ya zo, suka yafa nasu, ruwan ya ɗauke kamar yadda ya saba. Shi kuwa sai da damina ta zauna sosai ya cire dashensa, ya bi laka yana kafawa ɗaya bayan ɗaya, bayansa kamar zai karye.

Da kaka rumbunsa bai cika ba, kada in yi maka ƙarya, amma gidansa ya ci tuwo har wata damina, masu dariyar ma a wurinsa suka sami iri. Buhun farko da ya sussuka, a kansa ya ɗauka har ƙofar tsohuwar, ya sauke, ya yi mata godiya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.